Ruwan Bibi Zarguna

Da asubar ranar da takardar sammaci ta zo, Kaka Toryalai yana tsugune a bakin magudana yana wanke tasarsa. Tasar tagulla ce mai 'yar huda a gindi. Yakan ɗora ta a kan ruwan bokiti, ruwa ya riƙa shiga ta hudar har ta nutse. Nutsewa ɗaya tasa ɗaya ke nan, kuma da ita ake auna wa kowa lokacin ban ruwansa a ƙauyenmu Landai Kala tun kafin a haifi ubana. Kowace safiya sai ya zura wata tsohuwar allura a hudar, don ƙwayar yashi ɗaya in ta maƙale, wani ya sha ruwan wani.

Kaka muke ce masa duk ƙauyen, wato baffa a harshenmu. Ni nake ɗaukar masa bokitin. Sunana Niyaz Gul. Ba ni da ko taki ɗaya na gona, shebur gare ni da baya mai ciwo, kuma shekara goma sha ɗaya na yi ina bin sa daga kan magudana zuwa wutsiyarta.

Shi ne mirab, mai rabon ruwa, shekara talatin da huɗu. Duk farkon bazara masu gona talatin da ɗaya sukan taru a masallaci su sake zaɓensa, wasu suna zaginsa a ciki. Gonarsa ita ce ta ƙarshe a wutsiya, saboda haka in ya bari na sama suka yi sata shi zai fara bushewa. Ba shi da magana. Ya ga gwamnatoci iri-iri, kowace ta zo da lasifika da alkawari, ban taɓa jin ya yabi ɗaya ko ya zage ta ba. Da wani injiniya ya kawo masa agogon hannu zamanin sojojin waje, ya karɓa ya yi godiya, ya ba surukinsa.

Tun da mayaƙan nan masu rawani suka karɓi ƙasa, hakimai huɗu muka yi a shekara uku. Daga Kandahar ake turo su, daga can ake kwashe su, ba a tambayarmu. Ba zan yi ƙarya ba: hanya ta yi lafiya, babu mai tare ka ya ce kawo na shayi, ƙara kuma a wuni guda ake yanke ta. Amma doka ba ta da takarda. Abin da na farko ya ƙyale na biyu ya hana, na uku bai ma san da zancen ba. Sau da yawa sai mutum ya taka doka yake jin labarinta, an riga an ɗaga bulala. Na huɗun, da zuwansa, ya sa aka yi shela a kasuwa cewa kada a ƙara ganin mace a gona ko a hanya ba muharrami.

A nan maganar Bibi Zarguna ta shigo. Nakiya ta kashe mijinta, ɗanta ɗaya ya tsallaka Iran ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Saura ita da 'ya'ya mata uku da lambun rumman mai katanga, nesa kaɗan da gidanta. Rabonta tasa goma sha biyu ne duk kwana tara. Magudanar ta ratsa ta ƙarƙashin katangarta ne, mashigar ruwanta tana daga ciki. Al'adarmu kuwa, in layi ya zo kanka mirab zai kira sunanka sau uku. In babu wanda ya amsa, ruwanka ya wuce ga na gabanka. Na gabanta shi ne Haji Bazgul, wanda gonar inabinsa ta fi ta kowa girma kuma har yanzu ba ta ishe shi ba.

Da, takan zo cikin lulluɓinta da 'yar fartanya ta amsa da kanta. Bayan shelar ba ta zo ba. Kaka ya tsaya a ƙofar lambun ya kira sau uku, shiru. Haji yana gefe ya riga ya naɗe ƙafar wando. Sai Kaka ya yi gyaran murya ya ce, "Na'am," ya tura ƙofa ya shiga ya buɗe mata ruwa. Haka ya yi sau biyu. Kafin na uku takarda ta zo.

Muka tafi hedikwatar gunduma a bayan wata motar kankana. Hakimin bai wuce shekara talatin da 'yan kai ba, mutumin kan duwatsu ne inda da ruwan sama ake noma, yatsu biyu babu a hannunsa na hagu. Teburin tsohuwar gwamnati yana nan an jibge takardu a kai, shi kuwa yana zaune a ƙasa a kan darduma, bindiga a jingine da bango. Haji Bazgul, wanda ya kai ƙarar, yana wurin, ya daɗe yana magana. Ya ja aya, ya ja hadisi, ya ce ba don ruwa ya zo ba, don mutuncin ƙauye ya zo, ga namiji yana shiga lambun matar da ba ta da miji. Hakimi ya juyo ya tambayi Kaka ko ya shiga. Ya ce ya shiga. Ya tambaye shi ko matar tana ciki.

"Itatuwa na tarar, Maulawi Sahib," in ji Kaka. "Su ma ba su ce mini komai ba."

Wani mai gadi ya yi dariya ya haɗiye ta. Hakimi bai yi ba. Ya ce saboda furfura ya yafe wannan karo, amma in ƙafar Kaka ta ƙara tsallaka waccan ƙofa, bulala talatin da tara ne a tsakar kasuwa, a kuma karɓe tasar. Kaka ya tambaya, to ruwan fa? Hakimi ya ce ba maganar ruwa aka kawo masa ba, muna da al'ada, mu bi ta. In matar tana son a amsa mata, ta nemo muharrami. Ya ɗaga hannu a shigo da na gaba. Ko shayin da aka zuba mana bai huce ba.

Saura kwana bakwai layinta ya zo. Tsakiyar zafi ne, rumman ya fara ɗaure 'ya'ya. Duk wanda ya san rumman ya san in ya rasa ruwa sau biyu a wannan lokaci 'ya'yan zubewa suke, kuma shi ne abincin gidan nan na shekara. A hanyar dawowa na ce da Kaka ya haƙura, tsoho kamarsa ba zai tashi daga bulala talatin da tara ba. Ya zuba tabarsa a ƙarƙashin leɓe yana kallon hanya.

Kwana uku ina ganinsa yana zagaya katangar lambun ta waje yana auna ƙasa da taki. Ranar Juma'a bayan salla ya miƙe a masallaci. Ya ce gobe da safe zai ɗauke mashigar Bibi Zarguna daga cikin katanga ya dawo da ita bakin hanya, a huda gindin katangar ruwa ya shiga da kansa, mai so ya zo da shebur. Ya zauna.

Kowa ya gane. Ba a matsar da mashiga a Landai Kala sai fiye da rabin masu gona sun yarda, kuma ba da baki ake yarda ba, sai mutum ya zo ya soka sheburinsa a wurin. Goma sha shida ake nema. Babu wanda ya ɗaga kai. Mutane suka riƙa neman takalmansu kamar ana korar su. A waje na ji ana cewa hakimi zai ɗauka raini ne, wani ya ce an ga Haji yana waya, wani ya ce 'ya'ya gare shi.

Ni ma da gari ya waye ban so fita ba. Na zauna ina jujjuya gurasa a shayi. Matata Gulalai ta dube ni ta ce ai ni ba a ƙirga sheburina, ba ni da gona, ko tsoron ma na masu gona ne na aro? Na ce ta bar ni. Ta ce ta bar ni, ga lulluɓinta can a rataye in ina so. Na ɗauki shebur na fita.

Na tarar da Kaka shi kaɗai ya riga ya ja layi. Muka fara haƙa. Rana ta ɗaga kafin na farko ya zo, bai yi sallama ba, ya soka shebur. Sai biyu tare. Suna zuwa ɗaya-ɗaya, kowa yana waiwayen hanyar gunduma. In babur ya wuce sai aiki ya tsaya. Wajen hantsi muna da goma sha huɗu har da shi Kaka. Liman tsoho ya zo da sanda, ya karɓi shebur ya ɗan kankari ƙasa, ya ce a shaida, ya koma gida da sauri. Goma sha biyar. Daga nan hanya ta yi shiru. Ramin ya kai gindin katanga, Kaka ya hana a huda. Muka zauna a inuwa muna kallon juna, wasu sun fara cewa za su tafi.

Sai ga Mirwais, ƙanen Haji Bazgul, wanda suka yi shekara shida ba sa ga-maciji a kan rabon gado. Ya zo da sabon shebur da ko ƙasa bai taɓa gani ba.

"Kada wani ya yi mini godiya," in ji shi. "Ban zo don ita ba. Na zo ne don yayana Haji ya kasa cin abinci yau."

"To soka, ka bar surutu," in ji Kaka.

Ya soka. Muka huda katangar.

Saura amsawa. Ita ba ta iya zuwa, muryarta ma ba mu san ko an yarda a ji ta ba. Kaka ya aika matarsa ta gaya mata: gidanta bai yi nisa ba, in ta ji kira na uku ta buga tukunya daga tsakar gida.

Ranar layin, Haji ya riga mu zuwa, waya a hannu. Ba mu gama ajiye bokiti ba sai ga ƙura, sai ga motar hakimi da 'yan bindiga huɗu a baya. Hakimi ya sauko bai gaisa da kowa ba. Ya je ƙofar lambun ya duba ƙasa, babu sawu, gizo-gizo ma ya yi saƙa a jikin sakata. Ya dawo ya tsaya a kan sabon ramin, ya daɗe yana kallon hudar katangar.

Kaka ya dubi inuwa, lokaci ya yi. Ya kira sunanta. Ya sake kira. Ya kira na uku. Shiru. Na ƙirga numfashina har biyar, Haji ya fara naɗe wando. Sai muka ji tukunya, sau uku, a hankali kamar mai bugun tana tsoron a ji.

Kaka ya sa shebur ya fasa datsin. Ruwa ya bi ramin ya shige ƙarƙashin katanga. Ya tsuguna ya ɗora tasa a bokiti.

Haji ya ce tukunya ba mutum ba ce. Mirwais ya ce daga baya, to ya je ya tambaye ta. Hakimi ya ɗaga hannu kowa ya yi tsit. Ya tsuguna gefen bokitin yana kallon tasar har ta nutse, ya ga Kaka ya ciro ta ya zubar ya mayar, ya ajiye tsakuwa ɗaya a gefe. Ya tambaya sau nawa. Kaka ya ce goma sha biyu.

"Ban ce ka yi wannan ba, Kaka."

"Ba ka hana ba, Maulawi Sahib."

Hakimi ya zauna har tsakuwa ta uku. Da ya miƙe ya ce ƙafa ba ta shiga ba, saboda haka babu bulala. Amma bai ji daɗin ƙauyen da yake tara mutum goma sha shida ba a sanar da shi ba. Zai rubuta wa lardi a kan maganar tukunyar, abin da suka ce shi za a yi. Kuma daga bazara mai zuwa ba masallaci ne zai zaɓi mirab ba, ofishinsa ne zai naɗa. Kaka bai ɗago ba, don tasar ta kusa nutsewa, kuma mirab ba ya ɗauke ido a lokacin. Mota ta tafi.

Babu wanda ya yi murna. Mutane suka watse, kowa yana lissafin ko an ga fuskarsa. Ni kuwa da la'asar ɗin nan nake da wuri a motar da ke kai leburori iyakar Iran, don aikin shebur ya daina ciyar da gidana. Na riga na gaya wa Kaka tun daren da ya wuce, ya ce to. Daga baya na aika a tambayo mini ko amsar lardi ta zo, aka ce har yanzu ana jira, kuma an canza hakimin.

Na tsaya har tsakuwa ta goma sha biyu. Kaka ya toshe mashigar da laka, ya danna da ƙafa, ya wanke tasar ya sa a aljihu. Na miƙa masa bokitin ya karɓa da kansa. Ya saɓa shebur ya gangara zuwa mashiga ta gaba, Haji Bazgul yana biye da shi taki biyu a baya. Da ya isa ya tsaya, ya fuskanci gonar inabin, ya kira sunan Haji sau uku, sannan ya fasa masa datsi.