Muryar da Ta Koma Dama

Shekara talatin da huɗu Kafinta ya yi a gaban injin yankan katako, har bayansa ya fara ƙin miƙewa, 'ya'yansa suka taru suka ce ya isa haka. Mutum ne mai shiru-shiru, ba ya zaman hira a bakin titi, ba ya kallon ƙwallo. Shi dai a bar shi ya zauna ya ji waƙa.

Akwai wasu lasifikoki da ya fara gani a gidan wani tsohon malamin makaranta, lokacin da ya je yi masa kantar ajiye faya-fayai. Ba akwati ba ne irin na kowa. Alluna ne guda biyu, tsawonsu har kafaɗar mutum, kaurinsu bai wuce yatsa biyu ba, a ciki akwai wata leda siririya da ke karkarwa tana fitar da sauti gaba da baya. Malamin ya zaunar da shi ya kunna, sai ya ji mawaƙiyar kamar tana tsaye a gabansa, daidai tsakanin allunan. Bayan shekara shida malamin ya rasu, matarsa ta aiko ya zo ya ɗauka, ta ce wasiyya ce.

Kwana uku yana fama da falo. Ya janyo allunan ƙafa uku daga bango, ya auna da tef, ya yi alama da alli a ƙasa, ya ɗan karkato fuskokinsu zuwa kujerarsa. Matar Kafinta ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo.

"Malam, su waɗannan ƙyamaren naka, ɗakin wa ake shiga ta cikinsu?"

"Ki dai bari ki ji," in ji shi.

Ranar Asabar da hantsi ya kunna. Sauti ya fito tas, amma mawaƙiyar ba ta tsakiya, ta koma can wajen allon dama. Ya ɗauka ya yaga ledar na hagu wajen ɗauko su. Ya musanya wayoyin, tana nan a dama. Ya ɗaga allunan da kansa, yana haki, ya mayar da na hagu dama, na dama hagu. Tana nan inda take.

Sai ya kira Auta, ƙaramar 'yarsa, wadda ke ɗinki a ɗakin baya.

"Zauna nan ki rufe ido. Nuna min inda matar take."

Auta ta miƙa hannu gabanta sak. "Ga ta nan a tsakiya, Baba. Kamar in taɓa ta."

"To, je ki."

Da ta fita ya sa yatsa ya toshe kunnensa na dama. Waƙar ta koma kamar daga gidan maƙwabta take fitowa. Mahaifinsa da kurumta ya ƙare rayuwarsa, ana yi masa magana da ƙarfi kamar ana faɗa, shi kuwa yana murmushi yana gyaɗa kai ga abin da bai ji ba.

Mako biyu bai gaya wa kowa ba. Ya kan shiga banɗaki ya buɗe famfo, ya juya wannan kunnen, ya juya wancan. Ya kan kanga agogo a kunne. In matarsa ta yi magana sai ya tsura wa bakinta ido. Abinci ya daina shiga. Allunan kuwa ya rufe su da zanen gado.

"Abin da ka hana mu sakat a kansa, shi ne ka lulluɓe?" in ji matarsa wata rana. "Malam, me kake ɓoye min?"

Ya buɗe baki zai ce ƙura yake gudu, sai ya fasa. Ya faɗa mata.

Washegari ita da Auta suka sa shi gaba zuwa asibiti. Aka shigar da shi wani ɗan ɗaki marar taga, aka sa masa abin ji a kunne, aka ba shi maɓalli ya danna duk lokacin da ya ji ƙara. Da aka zo kan na hagu, ya zauna da yatsa a kan maɓallin yana jira. Ta gilashi yana ganin ma'aikaciyar tana dubansa tana rubutu, ya san ƙararrakin suna wucewa.

Likita ta ce tunda kunne ɗaya ne, sai an ɗauki hoton kansa a tabbatar ba wani abu ke tsirowa a ciki ba. Kwana tara ya jira sakamako. A cikinsu ya kira babban ɗansa ya nuna masa inda takardun gida suke, ya ce don dai ya sani ne.

Hoton bai nuna komai ba. Likitar ta tambaye shi ta wane gefe injin yake in yana aiki. Ya ce hagu. Ta ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, amma na daman lafiyarsa lau, ya kiyaye shi. Ta rubuta masa na'urar ƙara ji.

Yana jin waƙarsa yanzu, da la'asar, a hankali, rabin awa kawai. Bayan wata guda ya sayi ledar abin toshe kunne ya nufi tsohon wurin aikinsa. Yana tsallaka titi aka tayar da injin. Ya tsaya cak, ya dafe kunnen dama, ya ja da baya har bakin wani shago. Daga nan ya yi ta ɗaga ledar sama har wanda ya gaje shi a kan injin ya hango shi, ya kashe, ya tsallako.