Takardar Zuciyar Baba

Wata bakwai muna kai Baba asibiti daga Karu, kullum a banza. Zuciyarsa takan birkice yana zaune a shagonsa na yadi, ya jiƙe sharkaf da gumi, amma kafin mu ratsa cunkoson motoci mu shiga gari ta koma daidai. Likita ta yi mini bayani: kowace ƙwayar naman zuciya tana da ɗan lantarkinta. Gishirin jini ya shiga ya fita, ta harba, ta huta, ta kusa da ita ta karɓa. Wasu ƙwayoyin Baba suna harbawa kafin lokacinsu. Sai an kama su suna cikin yi za a san maganin, don maganin wani irin birkicewar yana iya kashe mai wani irin.

Wata Talata muka dace. Abin ya taso daidai an manna masa wayoyi a ƙirji, na'ura ta fito da doguwar takarda mai zane hawa da sauka. Likita ta ce ita ke nan guda ɗaya, mu adana ta, babban likitan zuciya zai zo bayan mako biyu.

Yayana ya karɓe ta. Lokacin bai daɗe da samun aikin gwamnati ba, ga sabuwar wayar hannu, kai ya kumbura. Komai na gidanmu sai ya kai shagon kwafi an liƙe shi da leda, har rasit ɗin firji.

Irin wannan takarda zafi ne ke rubutu a kanta, ba tawada ba. Injin leda kuwa zafi ne zalla. Ta fito baƙa ƙirin.

"Yaya, wa ya aike ka?"

"Gyara na yi, kar ruwa ya taɓa ta."

"Ka tambayi wani?"

"Ke! A kan takarda zan nemi izini?"

Na yi masa rashin kunyar da ban taɓa yi wa na gaba da ni ba, kuma har yau ban yi nadama ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, Baba da kansa ya sa na ba Yaya haƙuri.

Babban likita ya juya takardar, ya ɗaga ta ga haske, ya ce sai dai mu jira abin ya sake tasowa. Ya sake tasowa kuwa, a shago, Baba yana auna wa wata mata yadi. Ko babban titi ba mu kai ba, rai ya yi halinsa.

Takardar tana cikin akwatina. Shekara da shekaru, ruwa bai taɓa ta ba.