Akwatin Gilashi

Me ya sa mutumin da bai taɓa ganin ƙanƙara ba sai wadda yake sara da gatari ya ƙwallafa ransa a kan ƙungiyar masu wasa a kanta? Har yau ban sani ba, kuma wanda zan tambaya yana kwance a maƙabartar Baƙi'a. Ni ban yi karatu ba. Maƙwabciyata ce take rubuta wannan, in na yi kuka ta dakata.

Maigidana, Alhaji, yana aiki a wurin da ake yin ƙanƙara, suna kai wa motocin alhazai a Bi'ir Ali. Shi yana da iƙama, takardar izinin zama, a hannun kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa. Ni kuwa aikin hajji na zo na zauna, ba ni da ko guntun takarda. Ɗakinmu guda a unguwar Ƙurban, taga ɗaya ce can sama. Ko Harami ba na zuwa sai cikin ayarin mata, don kada a kama ni.

Wata shekara aka kawo wani Bature Musulmi daga ƙasar sanyi ya gyara musu inji. Da zai koma ya bar wa Alhaji littafin hotuna, tarihin ƙungiyar garinsu, bayan ya yi masa bayani da guntun Larabcinsa. Wasan wai hoki. Maza ne da takalma masu wuƙa a ƙasa, da sanduna masu lanƙwasa, suna bin wani baƙin abu kamar waina.

Kullum bayan la'asar sai Alhaji ya buɗe mini littafin, hannuwansa duk sanyi ya tsattsage su.

"Hajiya, zo ki ga kakanninsu. Ma'aikatan jirgin ƙasa ne, a kan tafki suka fara."

"Alhaji, mutanen da ko sunanka ba su sani ba?"

"Ke ma ai ba su san ki ba, ga shi kina leƙe."

Na haddace labarin kamar na gidanmu. Filinsu na katako ya ƙone, suka sake gini. Suka ci kofi sau ɗaya, gari ya fito titi. Daga baya masu ƙungiyar suka ɗauke ta gaba ɗaya zuwa wani birni, aka canza mata riga, aka canza suna. Sau ɗaya na tambayi Alhaji ko 'yan wasan sun koma gida. Ya ce littafin bai nuna ba.

Akwai hoton da na tsana. Wani ɗan wasa zaune shi kaɗai cikin akwatin gilashi a gefen fili, sandarsa a tsakanin gwiwoyinsa, yana kallon 'yan'uwansa. Alhaji ya ce in mutum ya yi laifi nan ake ajiye shi minti biyu, sannan a buɗe masa.

Duk ranar da na ce masa ina son ganin uwata kafin ta rasu, ko ya samo mini takarda ko ya kai ni a mayar da ni gida, sai ya ɗora yatsa a kan hoton nan.

"Minti biyu ne, Hajiya. Kafili ya ce bayan hajji."

Hajji ya wuce, wani ya zo. Saƙon rasuwar uwata a kaset ya iso ni, wani ɗalibin jami'a ɗan garinmu ya kawo. Ranar na jefa littafin bayan buhun shinkafa. Alhaji ya ɗauko ya goge da hannun rigarsa. Na san tsoro yake ji, in na fita ba za a bar ni in dawo masa ba. Ni ma na ji tsoron. Shi ya sa ban taɓa buɗe ƙofar da kaina ba.

Sanyin wurin aikin ya shiga ƙirjinsa. Ya yi wata guda yana tari a kan tabarma. Ranar ƙarshe da hantsi ya ce in kawo littafin. Na buɗe masa shafin kofi, ya girgiza kai, ya juya da kansa har zuwa akwatin. Ya daɗe yana kallo, sannan ya kama hannuna.

"Ki yafe mini, Hajiya. Minti biyun ya yi tsawo. In na tashi gobe, da kaina zan je wurin kafili."