Sunana a Bakin Gyale

A shekarun da muke zuwa makaranta cikin yadi mai dabbare-dabbare irin na sojoji, malaminmu na Turanci ya koya mana wata kalmar aikatau ta sa wa abu suna. Ya ce da ita Bature ke raɗa wa jariri suna, da ita yake sa wa jirgin ruwa, titi, har da kyanwa. Muka yi ta dariya, wai kyanwa! Sai ya ba mu aikin gida: kowa ya tambayo wanda ya sa masa suna, da wanda aka yi wa takwara.

A nan dariyata ta tsaya. Ni ce 'yar fari, kuma sunan kakata ta wajen uba na ci, wadda ta zo daga Kano da niyyar hajji, garin nan namu na Omdurman ya riƙe ta a hanya. Kunya biyu ke nan a kan Inna. Tun da na yi wayo, "ke" nake ji, ko "waccan". Maƙwabtanmu Larabawa kuwa tun daga bakin lungu iyayensu mata ke rangaɗa musu kira, ni ina haɗiyar haushi.

Na same ta tana ɗinkin hula, sana'arta ke nan. Na ce, "Inna, ustaz ya ce ki faɗi sunana."

"Ustaz ɗin nan ba shi da uwa ne? Kalas, shi ke nan, je ki tambayi babanki."

Na ce ni daga bakinta nake so. Ta harare ni, na tashi ina ƙunƙuni. Baba ne ya ba ni amsar, har da labarin ragon sunan da ya tsinke igiya aka bi shi unguwa biyu.

Bayan kwana uku Inna ta ce in rubuta mata sunan nawa da baƙaƙen Turawan, ta ga yadda yake. Na rubuta manya-manya. Ta ninke takardar, ta tafi Kasuwar Libiya ta nan cikin gari sayen zare.

Ranar Asabar na ɗauko gyalena na makaranta, sai ga sunana a gefensa da koren zare, harafi bayan harafi, daga hannun matar da ba ta taɓa zama a aji ba. Na ƙwala ihu na rungume ta.

Ta ture ni tana ɓoye murmushi. "Ya bit, ke yarinya, sake ni. Bakina dai bai faɗa ba."