Na'ibi da Hular Ƙaho

Allah ya jiƙan Na'ibi, ya sa kwanciya hutawa ce. Shekaranjiya aka kai shi makwancinsa, kuma har yanzu mutanen unguwarmu ta Nuzla a Jidda in sun zo gaisuwa wajen matarsa Larai, sai ka ga ana share hawaye ana dariya, domin ba mai iya ambatonsa bai tuna hular ƙaho ba.

Daga Sudan ya tsallako teku ta tashar Sawakin zuwa Jidda yana saurayi, dogo, kafaɗa kamar ƙofar gari. Ya samu aikin tuƙi a wani kamfanin Ingilishi, kuma kamfanin ne kafilinsa, wato iƙamarsa, takardar izinin zama a ƙasar, tana hannunsu. Shugaban wurin wani Bature ne da ma'aikata suka laƙaba wa Abu Shanab saboda gashin bakinsa. Duk Alhamis bayan magariba Na'ibi ne ke kunna musu majigi a bangon kulob, su kalli wasan talabijin ɗin ƙasarsu da ake aiko musu a gwangwani.

Wasan na tarihi ne. Ga kakanninsu, Saksan, manoma masu tsabta da ladabi, ko akuyarsu ba ta ɓarna. Ga kuma Baikin, mutanen arewa masu zuwa a jirgin ruwa, gashi buzu-buzu, ba sa magana sai gurnani, ba sa wucewa sai sun cinna wuta. Matan Turawa su yi ta matsar hawaye. Na'ibi yana bayan injin yana jin tsaki na taso masa, don kakarsa Dela da ƙafa ta taka daga ƙasar Hausa har bakin Nilu, gudun jikokin waɗannan salihan manoma.

Wata rana a mota ya tambayi maigidan, su Saksan ɗin daga ƙasa suka tsiro? Abu Shanab ya yi gyaran murya, ya ce a'a, su ma a jirgi suka zo, amma da daɗewa.

Da ya dawo unguwa ya samu amininsa Ubale a shagon gahawa. "Ka ji, ya shaihi! Ɓarawon safe ne ke kuka da ɓarawon yamma."

"Ci tuwonka ka yi shiru," in ji Ubale. "Iƙamarka a aljihunsa take, ba a naka ba."

Ana nan sai Turawan suka ce za su kwaikwayi wasan da kansu ranar bikin ƙasarsu. Abu Shanab ne sarkin Saksan, da rawanin kwali. Aka rasa ƙaton da zai zama sarkin Baikin, sai ido ya faɗa kan direba. Suka ɗinka masa hular ƙarfe da ƙahon sa guda biyu, suka yafa masa buzun rago a zafin Jidda. Larai ta dube shi ta ce, "Malam, in Layya ta zo kada ka fita." Ya yarda da ƙahon, ya yarda da gurnanin, ya yarda a doke shi da takobin katako. Ba wanda ya gaya masa ƙarshen wasan.

Ranar da la'asar aka cika farfajiya. Aka yi yaƙi, aka ci Baikin. Sai ga wani akawu cikin rigar limamin coci, riƙe da tasar ruwa. Ashe sarkin Baikin zai durƙusa gaban sarkin Saksan, a zuba masa ruwa a ka, ya shiga addininsu. Na'ibi ya tsaya ƙyam.

"Yalla, maza durƙusa," Abu Shanab ya raɗa masa. "Wasa ne kawai."

"Ranka ya daɗe, gwiwar nan tana da mai ita."

"Ka tuna wa ke sa hannu a takardarka."

Ya tuna. Ya tuna Larai da ɗaki ɗayansu, ya tuna jirgin da ake tusa marasa takarda a ciki. Gumi na tsiyaya daga ƙarƙashin buzun. Sai ya miƙa hannu ya karɓi tasar daga hannun akawun, ya yi bismilla, ya shanye ruwan tas, ya yi hamdala. Ya ce, "Halas, shi ke nan, yaƙi ya ƙare," ya ratsa tsakiyar 'yan kallo ya fita.

Washegari aka karɓi makullin mota, kuma ba a ƙara sabunta masa iƙama ba. Sauran rayuwarsa a wani lungun unguwar Sa'alaba ya yi ta, yana gasa tsire, ido ɗaya a wuta, ɗaya a bakin titi. In motar masu kame ta shigo, maƙwabta su ja shi cikin gida, Ubale ya zauna a tukubar kamar tasa. Bai ƙara ganin Sudan ba, ko Makka da ke nan kusa sai ta bayan duwatsu yake zuwa. Haka ya tsufa, bai taɓa cewa da na sani ba. Ba su kama shi ba har ranar da muka ɗauke shi a kafaɗa, muka bi da shi ta babban titi, tsakar rana.