Jikokin Wanda Ya Tafi Gabas

A shekarata ta uku a Alƙahira, wajen 2013, nakan je unguwar Ma'adi in koya wa wani tsohon Bature Larabci. Mutumin Sukotland ne, kuma ban taɓa samun ɗalibi malalaci irinsa ba. Da na buɗe littafi sai ya kawo shayi, ya ɗauko labarin kakanninsa, masu sarautar wani kwari mai yawan tumaki da ruwan sama.

Wata rana ya ce da yaƙin neman gadon mulki ya ɓarke a ƙasarsu, mai gidansu na lokacin ya kira 'ya'yansa biyu, ya tura babban wajen sarki, ƙaramin wajen 'yan tawaye. Ko wa ya yi nasara, ƙasar gida ba za ta salwanta ba. Sarki ya yi nasara. Ƙaramin ya tsere ƙetare, aka daina ambatonsa.

"Ni jikan babban ne," ya ce, yana dariya.

Dariyar ta maƙale min, don mu ma haka muka yi. Da Turawa suka ci ƙasarmu, kakan babana ya tsaya ya karɓi rawanin dagaci a hannunsu, ƙaninsa ya bi masu hijira gabas. A gida a gurguje ake faɗar wannan a wuce. Rawanin kuwa yana kan babana.

Ba a yi wata ba na kai ɗinki wajen wani tela a unguwar Hadayek el-Ma'adi, Bahaushen Sudan. Ya tambayi garinmu, na faɗa. Ya tambayi unguwa. Sai ya ajiye almakashi ya ja ni ciki wajen mahaifiyarsa, tsohuwa tukuf, tana kwance ba lafiya. Tsagar da ke kumatunta irin ta kakata ce sak. Ta jero min sunayen kakannina ba tare da ta yi tuntuɓe ba, har da na wanda ba ma ambata, wanda ya tafi gabas. Ashe daga zuriyarsa take.

Telan bai roƙe ni komai ba sai abu ɗaya. Tsohuwar tana so, kafin ta cika, ta ji an gaishe ta daga gidanmu ko ta waya ce.

Na kira babana da murnata. Ya saurare ni har na gama.

"Mu ba mu da kowa a gabas," ya ce. "Yau gaisuwa, gobe a zo ana maganar rawani. Ka yi karatun da ya kai ka."

Ban yi masa musu ba. Ni ne babban ɗansa, kuma na san kan wa rawanin nan zai sauka. Wannan shirun nawa har yau yana cin raina.

Ranar Juma'a na koma gidan telan. An tayar da tsohuwar zaune, ta yafa sabon mayafi, ta sa turare, an ajiye waya kusa da ita. Na yi ta kame-kame, daga baya na faɗi gaskiya.

"Ma'alish, ba komai, ɗana," ta ce. "Dama haka aka gaya mana za su ce. To kai fa? Kai ma ɗan gidan ne."

Na durƙusa na gaishe ta, na kira ta Iya. Amma ƙasa-ƙasa na yi maganar, kamar babana zai jiyo ni daga Najeriya, har sai da ɗanta ya sunkuya ya maimaita mata a kunne.