Baba Garba da Gonarsa ta Cikin Gwangwani

Duk wanda ya zauna a unguwar Mansur ta Makka shekarun nan ya san Baba Garba, ya kuma san ba ya gama gaisawa da baƙo sai ya ɗanɗani ƙasar garinsu. Alhaji zai iso daga gida da buhun garinsa, mu muna tambayar lafiyar mutane, shi kuwa Baba ya tsuguna gindin buhun, ya dangwali ƙurar da ta maƙale a ɗinki, ya kai baki. Sai ya lumshe ido kamar mai lasar zuma, ya ce, "Jigawa ce. Gero kuke yi, kuma kuna rowar taki." Kun san ni, ba na ƙara gishiri sai in miya ta yi lami, amma akwai ranar da ya lashi takalmin wani Basakkwace ya faɗa masa har sunan maƙwabcin gonarsa.

Ni Sale ɗan ga-ruwa, shekara bakwai ina hawa masa da ruwa saman benen gidan hayarmu, don haka labarin na ji shi sau dubu, ban da na ranakun Juma'a. Mahaifinsa Bazazzagi ne, fataucin shanu ya kai shi kudu wajen Inugu, ya sami fili bakin rafi a gindin tudun da ake haƙar kwal, ya kafa lambu. Kuɓewa, alayyafo, masara, har leburorin ramin kwal ɗin ma a wurinsa suke sayen kayan miya. A hannun Baba Garba abin ya lalace. Aka fara zuƙo ruwan ramin ana sako shi cikin rafin, ja kamar tsatsa. Da damina kuma ruwan sama ya riƙa wanko baƙin tarin da ake zubarwa a bakin rami yana shimfiɗa shi a kan kunyoyin lambun. Kifi ya ƙare, tanar ƙasa ta ɓace, masara ta tsaya iya gwiwa ta yi ɗorawa. Da ya kai ƙasar baki, sai ya ji tsami kamar an jiƙa ta da tsamiya.

Ya kai kuka ofishin kamfanin kwal ɗin. Wani akawu mai fensir a kunne ya ce masa ƙasa tsufa take yi kamar mutum, tasa ta mutu, babu ruwan kwal a ciki, wataƙila ma shi ne bai iya noman ubansa ba. Wannan maganar ta ƙarshe ita ce ƙayar da ta zauna wa Baba a wuya. Ya koma ya cika rabin buhu da ƙasar lambun, ya ce ba mutuwa ta yi ba, sa mata ciwo aka yi, kuma sai ta haihu ko da a bangon duniya ne.

Da ita ya taho hajji ta ƙasa, shekarar da aka sami 'yancin kai. Mutane na ɗauke da guzuri, shi yana ɗauke da gona. A Jidda mai binciken kaya ya kwance buhun, ya tona yana neman abin da aka ɓoye. Baba ya ce masa babu komai a cikin ƙasar, ƙasar ce kayan. Mutumin bai yarda ba, ya lasa. An ce har yau bakinsa bai koma daidai ba.

Ya raba ta cikin gwangwanayen kananzir bakwai, ya jera a saman bene. Muka naɗa shi Sarkin Noman Makka. Malamai suka yi masa nasiha cewa tun zamanin Annabi Ibrahim kowa ya san garin nan kwari ne da ba a shuka. Ya ce ya sani sarai, shi ya sa ya zo da tasa. Alwala kuwa ba ya yinta ko'ina sai a kan gwangwanayen, don ruwan ya ratsa ya wanke cutar. Duk Juma'a ya ɗanɗana, ya ce tsami ya ragu. Duk shekara kuɓewa ta tsiro, ta leƙa duniya, ta ce a kai kasuwa.

Sai Hajiya Kande mai tuwo, wadda ke sayar da abinci a ƙofar gidanmu, ta kawo tata dabarar. Ta ce, "Baba, mu mata in miya ta yi tsami kanwa muke jefa mata." Ya ce ba ya karɓar shawarar noma daga wadda ba ta taɓa riƙe fartanya ba. Kwana uku bayan nan na kama shi yana jiƙa kanwa a kwano, ya ce ta ciwon ciki ce. Ya tsiyaya wa gwangwani ɗaya bayan azahar. Kafin la'asar ɗan tsiron ya kwanta kamar an yi masa wanka da tafasasshen ruwa. Baba ya sauko da shi a tafin hannu, ya ajiye gaban tukunyarta, ya ce, "Kande, haka miyarki take yi wa mutane. Kunya ce ta hana su faɗa." Wata guda ba ta sa masa nama ba. Amma don ta wanke laifinta ta riƙa tara masa tokar murhu, kuma tokar nan ce ta fara juya ƙasar.

Ranakun Mina kowa na dawowa da naman hadaya, igiyoyi su cika da shanya. Baba shi kaɗai yake bin garken raguna da buhu, ya dawo da kashinsu yana murna kamar ya tsinci zinariya. Wari ya cika unguwa, har wani ma'aikacin baladiyya, wato hukumar gari, ya biyo hancinsa zuwa gidanmu. Mu kuwa duk gidan babu mai iƙama, wato takardar zama. Kafin ka ce kwabo an watse. Ni da tumbin nan nawa na shige gangar ruwa, wadda daga baya sai da mutum huɗu suka zaro ni daga cikinta. Daga ciki nake jin komai. Baba ko motsi bai yi ba.

Mutumin ya toshe hanci ya ce, "Esh hada, ya Hajj?" Wato mene ne wannan, Alhaji?

Baba ya ce mara lafiya ce yake jinya. Da aka tambaye shi iƙama, sai ya amsa da Larabcinsa mai ɗingishi: "Ba ni da ita, ita ma ba ta da ita. Tare muka zo. In kora ce ka kore mu tare, amma kai za ka ɗauke ta, ni bayana ya gaji tun Sudan."

Ma'aikacin ya dubi gwangwani bakwai, ya dubi matakalar bene, ya ce halas, wato shi ke nan, a dai rufe takin. Bai ƙara dawowa ba.

Shekarar da rikici ya tashi a gida, wani alhaji da ya baro kudu ya ba shi labari. Ya ce namu duk sun taso, lambun kuma tun kafin haka baƙin tarin ya haɗiye shi, har da kabarin mahaifinsa. Na ɗauka ranar zai zubar da komai. Can sai ya ce, "To, gonar ubana duka ta dawo gwangwani bakwai. Sale, ƙaro ruwa."

A shekarar ne tsiro ɗaya ya ƙi mutuwa. Ya yi fure, ya yi 'ya'ya uku. Ɗaya ya naɗe a ƙyalle ya ba wani mai komawa gida ya kai wa akawun nan. Mutumin ya ce ai yanzu babu hanyar kudu. Baba ya ce, "Ka ba duk akawun da ka gani da fensir a kunne." Ta biyu Kande ta jefa a tukunya, gida duka muka ci, kuma yauƙin miyar nan in ka ja loma daga Mansur ba ya tsinkewa sai unguwar Utaibiyya. Ta uku ya bar ta a jikin uwarta ta bushe don iri.

Bai ga bushewarta ba. Ranar da jiki ya ƙi, na hau da ruwa na same shi kwance kusa da gwangwanayen. Ya ce harshensa ya daina jin komai, in ɗanɗana masa. Ni da na shekara bakwai ina yi masa dariya, na dangwala na kai baki. Na ce, "Baba, babu tsami. Ƙasa ce kawai." Ya yi murmushi, ya ce dama ya faɗa wa akawu.

Irin yana wurina, gwangwanayen ma, kuma a kansu nake alwala. Allah Ya jiƙan Baba Garba, Ya yafe masa kurakuransa. Yadda ya yi jinyar ƙasar ubansa bai gaji ba, Allah Ka sa wadda ya kwanta a cikinta ta yi masa sanyi.